Yadda ake gano inda ruwan sanyaya inji ke yoyo a ƙaramin jirgin sama mai injin Rotax 912

Yawancin ƙananan jiragen da aka saba gani, irin su Cessna 172 da Piper Cherokee, iska ce kaɗai ke sanyaya injinsu, babu ruwa a ciki ko ɗigo. Wannan bayani na injin Rotax 912 ne da ƙaninsa 914, waɗanda kamfanin BRP-Rotax ke ƙerawa a garin Gunskirchen na ƙasar Ostiriya. Tun 1989 injin yake kasuwa, kuma shi ne a gaban jirage da yawa masu kujera biyu, kamar Tecnam P2002, Flight Design CT, Van's RV-12 da Zenith CH 701. Idan jirginka mai injin dizal ne irin Austro da ke kan Diamond DA40 NG, dabarun neman yoyon za su yi maka amfani, amma lambobi da wuraren da zan ambata ba nasa ba ne.

Kafin ka taɓa komai, ka san iyakarka. A Najeriya injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ne ke sa hannu a saki jirgi bayan gyara, kuma kowace ƙasa tana da irin wannan doka. Mai koyo yana aiki ne a ƙarƙashin idon mai lasisi, da littafin gyara na Rotax bugu na ƙarshe a buɗe a gefensa. Duk inda maganata ta saɓa da littafin, littafin za ka bi.

Kayan aiki

Tocila mai haske sosai, da ƙaramin madubi mai dogon hannu. Farin tsumma ko farar takardar goge hannu, dole fara, domin kalar ruwan za ka karanta a jikinta. Famfon gwajin lagireto mai geji, tare da bakin da ya dace da ƙaramin murfin Rotax, wanda girmansa ya fi kusa da na babur fiye da na mota. Filayar matse kilif, sifanonin alan na milimita, da sifanar awon ɗauri. Hodar jarirai ko dakakken alli. Ruwan sabulu a gorar fesawa, da tsabtataccen ruwan ɗauraya. Faranti mai faɗi na tarar ruwa. Ruwan sanyaya inji irin wanda ke cikin jirgin, da tataccen ruwa. Waigi na tayoyi, tukunyar kashe gobara, safar hannu da tabarau. In akwai rinin da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitilar UV, ka ajiye shi kusa, amma ba da shi ake farawa ba.

Abin da ya kamata ka sani game da hanyar ruwan

A wannan inji kawunan silinda huɗu ne kawai ruwa ke ratsawa, jikin silindar kuwa iska ke sanyaya shi. Famfon ruwa yana bayan inji daga ƙasa, kuma sandar kam ce ke juya shi. Yana janyo ruwa daga lagireto, ya tura shi ta ƙananan tiyo huɗu zuwa ƙasan kawunan. Daga saman kowane kai wani tiyon ya fito ya shiga ƙaramin tankin alminiyam da ke zaune a saman inji, wanda zan riƙa kira tankin sama. Daga nan babban tiyo ya mai da ruwan lagireto. Ƙananan tiyon milimita 17 ne, manyan kuma 25.

A kan tankin sama akwai murfi mai riƙe matsi har bar 1.2, tsofaffin injuna kuma wasu suna ɗauke da na 0.9. Idan ruwa ya yi zafi ya kumbura, murfin ya buɗe masa hanya ta siririn tiyo zuwa gorar rara. Idan inji ya huce, wani ƙaramin bawul a cikin murfin ya bari ruwan ya dawo. Wannan kai da kawo ka riƙe shi da kyau, domin rabin ƙorafin "jirgi yana shan ruwa" daga nan yake tasowa, ba daga wata huda ba.

Wani abu kuma: wanda ya taso a garejin mota, da ya ga ruwa na raguwa sai zuciyarsa ta tafi kan gasket ɗin kai. Wannan injin ba shi da gasket tsakanin kai da silinda, ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma ruwan ba ya tsallakawa daga kai zuwa silinda. Kada ka kwance kai a kan wannan zato.

Mataki na 1: Tsare jirgin

Kashe makunnan wuta duka biyu da babban makunni, ka zare makulli ka sa a aljihunka. Sa waigi. Jira inji ya huce har ka iya ɗora tafin hannunka a kan tankin sama ka bar shi. Buɗe murfin yana da zafi yana sa ruwan ya tafasa nan take ya feso maka a fuska. Ko da ya huce, ka rufa tsumma a kai, ka juya murfin zuwa tsayawar farko, iska ta fita, sannan ka ƙarasa.

Mataki na 2: Tabbatar da wane ruwa ne

Dangwala farar takarda a ɗigon. Ruwan sanyaya inji yana da ɗan santsi tsakanin yatsu, yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, yana narkewa a ruwa, kuma in ya bushe yana barin farin bambaroki ko gari mai kalar ruwan. Fetur yana bushewa da wuri, na jirgi mai lamba 100LL ya bar shuɗin tabo. Baƙin mai ba ya bushewa, ba ya haɗuwa da ruwa. Man birki na jirgi galibi ja ne, kuma ana rikita shi da ruwan sanyaya mai kalar ja ko ruwan lemo, to ka ɗiga masa ruwa: in ya taso sama mai ne.

Kada ka ɗanɗana. Sinadarin gilaikol da ke cikin ruwan sanyaya inji guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa yana jan kyanwa da kare. Duk wanda ya zuba a ƙasa ka goge shi a lokacin.

Mataki na 3: Karanta tankin sama da gorar rara tare

Nan ne masu koyo ke sauri, kuma nan ne na fi so ka daɗe. Inji a sanyaye, ruwan tankin sama ya kamata ya kai har ƙasan wuyan murfi, na gora kuma ya tsaya tsakanin alamar ƙasa da ta sama. Duba gorar kaɗai yaudara ce. Gora tana iya zama daidai alamarta alhali tankin ya yi ƙasa sosai.

Idan gora tana ƙaruwa bayan kowane tashi, tanki kuma yana raguwa, ruwan bai bar jirgin ba, fita yake yi ya kasa dawowa. Dubi abu uku. Siririn tiyon da ke tsakaninsu: in ya tsage ko bakinsa ya saki, iska zai zuƙo maimakon ruwa, in kuma robarsa ta yi laushi, zai manne lokacin zuƙa. Murfin: robarsa ta sama da ƙaramin bawul ɗin tsakiya, wanda ya kamata ya motsa cikin sauƙi in ka ɗaga shi da farce. Sai mazaunin gorar: littafin ɗora inji bai yarda ta yi ƙasa da tankin fiye da santimita 25 ba, kuma tiyon dole ya kai ga ƙasan ruwan da ke cikinta.

Idan gora tana cika har ta yi amai, ka tambayi matuƙi nawa gejin zafi ya nuna. Da ruwan da aka gauraya rabi gilaikol rabi tataccen ruwa, iyakar zafin ruwa digiri 120 ne. A watan Afrilu a wuri irin Sakkwato ko Maiduguri, jirgin da ya daɗe a ƙasa inji na aiki yana jiran izinin tashi ba ya samun iskar da ta isa lagireto, kuma ruwan yana iya tafasa ya tunkuɗo. Wannan matsalar zafi ce, maganinta a wajen lagireto da hanyar iska yake, ko a murfin da ya gaji yana buɗewa kafin lokacinsa. Ka kuma duba ɗan hujin numfashi da ke murfin gorar. In ya toshe, gorar tana kumbura har ta tsage.

Idan kuwa duka biyun suna raguwa, to yoyo ne na gaske. Ka ja layi da maka a jikin gorar, ka rubuta kwanan wata, ka ci gaba.

Mataki na 4: Duba kafin ka wanke

Cire murfin inji na sama da na ƙasa. Kada ka goge komai tukuna. Juya murfin ƙasa ka karanta cikinsa, sawun ruwan da ya bushe zai nuna maka ɓangaren da abin yake. Ɗauki hoto da waya. Bi kowane tiyo da tocila da madubi, kana neman farin bambaroki a bakin kilif.

Ka tuna cewa a sama iska tana shigowa ta gaba da ƙarfi, tana kwashe ɗigo tana watsa shi baya da ƙasa. Kamar rufin kwano ne da damina, inda ruwa ke ɗiga a tsakar ɗaki ba nan ƙusar ta huda ba. Famfon ruwa yana baya kuma yana ƙasa, don haka duk abin da ya zubo daga sama a jikinsa yake taruwa, shi ya sa ake yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Kullum ka nemi wuri mafi tsawo kuma mafi gaba da ya jiƙe.

Mataki na 5: Wanke, ka busar, ka barbaɗa hoda

Rufe matatar iska ta kafireto da akwatunan wutar fulogi da leda. Fesa ruwan sabulu, ka ɗauraye da ruwa a hankali. Kada ka kawo injin wanki mai feshi da ƙarfi, yana tura ruwa cikin wayoyi. Busar da iskar kwamfiresa, in babu ka bar shi ya sha iska har ya bushe ƙarau. Sai ka barbaɗa hoda kaɗan a kowace mahaɗa. Ɗigo ɗaya in ya fito zai ja layi a cikin hodar, ka bi layin har tushensa. Wata dabarar ita ce ka naɗa 'yar farar takarda a ƙasan kowane kilif, wadda ta fara canza kala ita ce.

Mataki na 6: Gwajin matsi a sanyaye

Cika tankin sama, ka ɗaura famfon gwaji a madadin murfi. Buga a hankali har bar 1.2, kada ka wuce, lagireton waɗannan jirage siriri ne. Ka tsaya ka zuba wa geji ido na minti 15. Allurar da ta tsaya cik tana nufin babu huda a sanyaye. In tana sauka, fara fesa ruwan sabulu a bakin famfon gwajin kansa, domin sau da yawa shi ne ke sakin iska. In ba shi ba ne, bi mahaɗu da madubi. Matsa kowane tiyo da yatsu ka ɗan girgiza shi, wata tsagar ba ta buɗewa sai an motsa ta.

In ba ka da bakin da ya dace, bar murfin tankin sama a wurinsa, ka zare siririn tiyo daga gorar rara, ka haɗa shi da famfon keke mai geji. Iskar za ta buɗe bawul ɗin dawowa ta shiga ciki. Gargaɗi a nan: ta wannan hanya murfin ba zai saki rarar matsi ba, don haka idonka ne kawai mai tsaro, bugu ɗaya-ɗaya za ka yi. Amfaninta shi ne tana gwada robar saman murfi da siririn tiyon a lokaci guda.

Murfin ma a gwada shi a famfon. Ya riƙe matsi har kusa da lambar da ke rubuce a kansa sannan ya saki. Wanda ya saki da wuri a canza shi da na asali, ba a gyara murfi.

Mataki na 7: Wuraren da aka fi kama yoyo

Bakin ƙananan tiyo shi ne na farko. Rotax yana sa musu kilif mai sifirin, wanda ke bin robar yana matse ta ko ta kumbura ko ta tsuke. Da shekaru robar ƙarƙashin kilif tana lotsawa. Alamar wannan ita ce ɗigo biyu ko uku da ake tararwa da asuba a lokacin hunturu, inji yana ɗumama su ɓace. Matsar da kilif kaɗan zuwa sabon wuri a bayan tudun bututun yakan tsayar da shi na ɗan lokaci. Abin da ba na so shi ne a cire kilif mai sifirin a sa na mota mai sukuru. Yana yanka roba, ba ya bin zafi da sanyi, kuma mai ƙara masa ɗauri yana iya lanƙwasa bututun alminiyam.

Na biyu, tiyon da ke gogar wani abu ko ya kusanci salansa. Na ƙasa sun fi shan wannan wahala. Shafa bayansu da yatsa, wurin da ido ba ya kaiwa. Roba da ta yi tauri, ta kumbura, ko ta yi sheƙi a gefe guda, ta gama aiki.

Na uku, ƙasan tankin sama. Akwai faifan roba da aka liƙa masa don kada ya gogi jikin inji. In faifan ya zame ko ya cinye, girgiza tana cin alminiyam a hankali har ta huda shi. Zura madubi ka gani da idonka.

Na huɗu, gwiwoyin alminiyam da tiyo ke hawa a kan kawuna da famfo. An ɗaure su da zare da gam na Loctite, na sama kuma suna kan ɗan faranti mai zoben roba. In ruwa yana tsattsafowa daga gindin gwiwa, ba daga bakin tiyo ba, sabon kilif ba zai yi komai ba. Sai an cire, an tsabtace zaren, an sake sa gam ɗin da littafi ya ambata, an bar shi ya kama.

Sai lagireto: duba gabansa ko tsakuwa ta buge shi, da gindin kafafunsa inda girgiza ke tsaga walda. Wasu jiragen suna da ƙarin mahaɗu, na hitar ɗakin matuƙi ko na'urar daidaita zafi, ka bi su duka. A sababbin kawuna, ma'aunin zafi a cikin ruwan yake zaune, gindinsa ma wuri ne na dubawa.

Mataki na 8: Famfon ruwa

A ƙasan gidan famfo akwai ɗan huji da aka yi da gangan. Yana tsakanin sil biyu, ɗaya mai tare ruwa, ɗaya mai tare baƙin mai. Ruwa daga hujin na nufin sil ɗin ruwa, mai daga hujin na nufin sil ɗin mai. Ɗan tabo busasshe a bakinsa ba hukunci ba ne. Gwajin shi ne ka goge wurin, ka tayar da inji har zafinsa ya daidaita na minti 5, ka kashe, ka kalli hujin na minti ɗaya. In ya ɗiga, sil ya tafi.

Kada ka taɓa toshe wannan huji da gam ko sukuru. Shi ne ke hana ruwa bi ta sil na biyu ya shiga cikin mai. Ka zaro sandar awon mai ka duba, in man ya koma kalar shayi da madara, jirgin ba zai tashi ba sai an binciki injin sosai. Canza sil ɗin yana buƙatar kayan aiki na musamman da auna tazarar fankar famfo, aikin wanda ya yi horon Rotax ne.

Kafin ka yanke wa sil hukunci, duba maƙwabtansa: gasket ɗin murfin famfo, zoben robar bututun shigowa, da sukurun ƙasa mai wosha ta jan ƙarfe.

Mataki na 9: Gwaji da inji a kunne

Wani yoyon sai da zafi da girgiza yake fitowa. Fitar da jirgi fili, hancinsa ya fuskanci iska, waigi a tayoyi, mai izinin tayar da inji a ciki, wani kuma a gefe can baya da tukunyar kashe gobara. Ɗumama shi a juyi 2000 a minti, na kimanin minti 2, sannan 2500 har mai ya kai digiri 50. Babu mai matsowa da madubi ko tocila farfela tana juyawa, ko da ana ganin ɗigon ƙarara. Ba tare da murfin inji ba iska ba ta bin hanyarta, don haka ka sa ido a geji kada zafi ya haura.

Kashe, zare makulli, ka duba nan da nan. Mintocin farko bayan kashewa su ne matsi ke kaiwa ƙololuwa, domin famfo ya tsaya amma kawuna suna ci gaba da zuba zafi a ruwan. In har yanzu ba ka ga komai ba, a nan rinin UV ke shigowa: zuba gwargwadon da aka rubuta, a sake kunnawa, a duba a cikin duhun rumfa.

Mataki na 10: Gyara da sake cikawa

Buɗe murfin tankin sama, ka kwance sukurun ƙasa na famfo ruwan ya zuba a faranti, ka kuma zare tiyo mafi ƙasa na lagireto. Wajen cire tsohon tiyo kada ka murɗa shi da ƙarfi, kana iya juya gwiwar ka karya gam ɗinta, ka gyara yoyo ɗaya ka haifar da wani. Tsaga tiyon da wuƙa a tsaye, a hankali, ba tare da ka karci alminiyam ba.

Duba littafin tarihin inji. Rotax ya sa a canza kayan roba duk shekara 5, har da waɗannan tiyo. In sun kusa lokacinsu, canza su gaba ɗaya. Mai da sukurun famfo da sabuwar wosha, ka ɗaure shi 10 Nm da sifanar awon ɗauri.

Garin toshe lagireto da ake zuba wa mota ba shi da wuri a jirgi. Yana toshe siraran hanyoyin lagireto, yana cin sil ɗin famfo, kuma yana iya saki a sama inda babu gefen titi.

Gauraya rabi gilaikol rabi tataccen ruwa, daga cikin irin da Rotax ya lissafa a takardarsa mai lamba SI-912-016. Ruwan famfo, na rijiya da na leda duk suna da gishirin da ke daskarewa a ciki. In tataccen ruwan a wajen masu batir za ka saya, ka tabbatar ba mai asid ba ne. Kada ka haɗa iri biyu don kalarsu ta zo ɗaya. In kuma jirgin yana ɗauke da irin na Evans marar ruwa, ba a ƙara masa ruwa sam.

Zuba a hankali ta tankin sama kana matsa manyan tiyo iska ta fito. Cika har wuya, gora kuma tsakanin alamominta. Maimaita gwajin matsi, ka tayar da inji ya yi zafi, ka bar shi ya huce sarai, ka ƙara abin da ya ragu. Raguwar farko iska ce ta fita, amma in ta ci gaba bayan zagaye na biyu ko na uku, koma mataki na 5. Ɗauraye duk inda ruwan ya taɓa, musamman wayoyi da saman salansa, ka goge hodar.

Tashin farko ya zama gajere, a kewayen filin. Ka gaya wa matuƙi ya lura da ƙamshin zaƙi a ɗaki da ɗigo a gilashi, kuma kada ya amince da gejin da ya hau sannan ya faɗo haka kawai, domin in ruwa ya ƙare ma'aunin yana iya nuna ƙasa da zafin gaskiya. Bayan ya sauka inji ya huce, sake cire murfin inji, ka duba mahaɗar da ka gyara, tankin sama da layin da ka ja a gora. Rubuta a littafin tarihin inji wurin da yoyon yake, abin da aka canza da lambarsa, irin ruwan da aka zuba da yawansa, sannan mai lasisi ya duba ya sa hannu.